Birninmu zai haramta kwana a waje: me zan faɗa wa kansiloli cikin minti biyu?

Direban Dare:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema a wurinku, kuma lokaci ya ƙure mini, don ranar Talata mai zuwa za a yi zaman.

Ni direban bas ne a wani birni a nan Amurka, shekarata tara ina aikin dare. Ƙarfe goma nake karɓar mota, in ajiye ta da asuba. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san da zarar ƙarfe ɗaya ta wuce, fasinjoji sukan canza. Akwai masu tashi daga aiki a asibiti, da masu share manyan ofisoshi, sai kuma waɗanda ba wani wuri za su ba, ɗumi kawai suka shigo nema. Su biya kuɗin mota, su wuce kujerar baya, su rungume jaka su sunkuyar da kai. In mun kai tashar ƙarshe ƙa'ida ce in sauke kowa, sai su sauka su tsaya cikin sanyi, in na juyo da mota su sake shiga. Na san fuskokinsu fiye da na maƙwabtana, domin lokacin da nake ido biyu maƙwabtana suna barci.

Yanzu majalisar birni ta kawo daftarin wata doka. Na karanta shi daga farko har ƙarshe a waya, lokacin hutun tsakar dare. Ya haramta kafa tanti, da kwanciya, da shimfiɗa bargo ko kwali a wuraren shaƙatawa, da gefen titi inda masu ƙafa ke bi, da ƙarƙashin gada, da rumfunan jiran bas. Karon farko gargaɗi, na biyu tara, daga nan sai kamu. Ko sau ɗaya ba a ambaci marasa muhalli a ciki ba, "kowane mutum" aka rubuta. Amma ni mai ɗaki da katifa, me zai kai ni shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gada? Kowa ya san da wa ake.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wani dattijo da ya kusa shekara biyu yana hawa motata. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya haura sittin. Aikin rufin gidaje ya yi tun yana saurayi, har ranar da ya faɗo daga tsani ya ji ciwo a baya. Da aka ƙara masa kuɗin haya, ɗan abin da ake ba shi na naƙasa ya gaza, ya koma kwana a motarsa. Tarar ajiye mota ta taru, aka ja motar, bai da abin karɓo ta, ya koma tanti a bayan tasharmu ta ƙarshe. Ba ya sha, ba ya roƙo, kullum sai ya gaishe ni ya tambayi yarana. A hunturun bara ya fita da sassafe neman wurin wanka, ana ruwa, ya bar takardunsa a cikin tanti don kada su jiƙe. Kafin ya dawo ma'aikatan birni sun zo sun kwashe wurin. Tanti, bargo, maganin ciwon suga, waya, takardar haihuwa, katin shaida, har da hoton 'yarsa da ta rasu, duk an zuba a motar shara. Daren nan ya shigo motata hannu Rabbana. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba, cewa kawai ya yi, "Sun tafi da takarduna."

Wata biyar ya yi kafin ya sake mallakar katin shaida. Don a ba ka katin sai da takardar haihuwa, don a aiko maka takardar haihuwa daga jihar da aka haife ka sai da shaida da adireshi, shi kuwa ba shi da ko ɗaya. Cikin watannin nan ne layi ya zo kansa a jerin masu jiran gida. Ma'aikaciyar da ke bin lamarinsa ta je inda ta saba samunsa ba ta gan shi ba, ta kira waya ba ta shiga, aka ba na bayansa. Wannan fa tun ba a kafa sabuwar doka ba ke nan. Ana kukan targaɗe, ga karaya tafe.

Unguwarmu ta rabu biyu. Mu da ba ma son dokar muna haɗuwa duk Asabar a ɗakin taro na laburare, akwai ma'aikatan jinya, malaman makaranta, limamai da fastoci, ma'aikatan laburaren kansu, da wasu daga cikin masu kwana a wajen. Muna tara sa hannu. Ƙungiyar 'yan kasuwa da iyaye da dama kuwa suna goyon bayanta, ciki har da mutanen da nake ganin girmansu ƙwarai. Na yi rajista zan yi magana a gaban kansiloli, minti biyu ake ba kowa, ni kuma ban taɓa tsayawa gaban makirufo ba.

To shin suna da hurumin hukunta mutum don ya yi barci alhali ba su ba shi wurin kwana ba? Akwai inda jama'a suka tashi suka hana irin wannan doka? Sannan in ku ne, me za ku faɗa cikin minti biyun nan?

Ɗalibar Lauya:

Wa alaikumus salam, Malam Direba. Allah ya saka maka da alheri da ka damu da wannan bawan Allah. Ina shekarar ƙarshe a karatun lauya, kuma mun daɗe a kan wannan batu a aji.

Amsar tambayarka ta farko ba mai daɗi ba ce: a yanzu suna da hurumi. Da can ba haka abin yake ba, aƙalla a jihohin yamma. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da yankin ta yanke hukunci a ƙarar da aka kai birnin Boise na jihar Idaho, ta ce ba za a hukunta mutum don ya kwana a waje ba matuƙar babu gadon da za a ba shi a mafaka, wato gidan kwanan marasa muhalli. Ta dogara ne da gyara na takwas na kundin tsarin mulki, wanda ya hana hukunci na zalunci. Sai ranar 28 ga Yuni, 2024, Kotun Ƙoli ta rushe wannan a shari'ar Grants Pass, wani ƙaramin gari a jihar Oregon da mutanensa ba su kai 40,000 ba. Alƙalai 6 suka ba garin gaskiya, 3 suka ƙi. Mai Shari'a Neil Gorsuch, wanda ya rubuta na masu rinjaye, ya ce dokar garin aikin kafa sansani take hukuntawa ko wa ya yi shi, ba kasancewar mutum marar gida ba, kuma ba aikin alƙalan tarayya ba ne su tsara wa birane yadda za su fuskanci matsalar. Mai Shari'a Sonia Sotomayor ta rubuta na waɗanda suka ƙi, ta ce barci larura ce ta jiki, ba laifi ba ne, kuma akwai waɗanda ba su da wurin yinsa sai waje.

Ka dubi yadda dokar Grants Pass take, za ka ga 'yar'uwar taku ce. Bargo ko jakar barci kaɗai ya isa a kira wuri sansani. Tara dala 295, in ba a biya ba ta haura 500. In aka sake kama ka a hana ka shiga wuraren shaƙatawa kwana 30, in ka koma kana iya shan ɗaurin kwana 30 da tarar dala 1,250. Akwai wani abu a cikin takardun shari'ar da ya tsaya mini a rai: a wani taro da majalisar garin ta yi a 2013, ɗaya daga cikin kansiloli ta faɗa ƙarara cewa manufar ita ce a takura musu har su gaji su ƙara gaba. Bayan hukuncin sai ƙofa ta buɗe. A watan Yuli na 2024 gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom ya umarci hukumomin jiha su tayar da sansanoni, dokar Fulorida ta fara aiki a Oktoban shekarar, Tennessee kuwa tun 2022 ta mayar da kafa tanti a filin gwamnati babban laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara 6.

Sai dai kotu cewa ta yi birni zai iya, ba ta ce dole ya yi ba. Kuma akwai kariyar da hukuncin bai taɓa ba. Abin da aka yi wa dattijon nan, alal misali. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta hana birnin Los Angeles kwashe kayan marasa muhalli yana lalatawa don kawai mai kayan ya ɗan gusa, ta ce dukiyar mutum dukiyarsa ce ko a gefen titi take. Wasu jihohin ma suna da tasu dokar, kamar Oregon da a 2021 ta yi dokar da ta wajabta wa birane cewa ƙa'idojinsu kan kwana a waje su zama na hankali ta fuskar lokaci da wuri. Ku nemi ofishin lauyoyin agaji na yankinku su duba muku daftarin kafin Talata, kyauta suke yi.

Shawarata, kada ka ɓata minti biyunka kan tsarin mulki, lauyan majalisa ya riga ya gaya musu sun yi nasara a nan. Ka nuna musu inda tarar ke kai mutum. Ba shi da abin biya. Sammaci kuma ta gidan waya ake aikowa, shi ba shi da adireshi, ranar kotu ta wuce bai sani ba, a fitar da takardar kamu. Daga nan sunansa ya shiga kundin masu laifi, kuma kafin mai gidan haya ko mai ɗaukar aiki ya karɓe ka sai ya bincika kundin nan. Wato takardar da aka ba shi don ya bar titi ita ce za ta ɗaure shi a titin. Sannan ka nemi lamba biyu: mutum nawa aka ƙirga a birninku, gado nawa kuke da shi. Duk watan Janairu ake ƙidayar dare ɗaya, kuma ba sirri ba ce. Ta 2024 ta nuna mutum 771,480 a faɗin ƙasar, ƙarin kashi 18 cikin ɗari a shekara guda.

Uwar Uku:

Malam, na karanta labarin dattijon nan har idona ya cika. Amma ka yi haƙuri, ni ina cikin masu goyon bayan irin wannan doka, kuma gara ka ji ta bakinmu a nan kafin ka ji a zauren majalisa.

Gidanmu yana kallon wani wurin shaƙatawa. Don shi muka kama gidan, saboda yara. Shekara biyu ke nan ban bar su sun taka ciyawar wurin ba, tun ranar da autana ya tsinto sirinji a gindin lilo ya kawo mini a hannu yana tambaya mene ne. Daren nan ban runtsa ba. Mahaifiyata kuma a keken guragu take. Tantuna sun cinye gefen titi daga ƙofarmu har kwanar asibiti, dole in gangara da ita kan kwalta, motoci na wucewa dab da mu. Sau biyu gobara na tashi daga masu hura wuta don ɗumi, na biyun har ta lashi katangar maƙwabcinmu. Na kira ofishin birni ban san adadi ba, kullum amsar ɗaya ce, ba su da dokar da za su tayar da kowa.

Abin da ke mini ciwo shi ne duk ranar da na buɗe baki a taron unguwa sai a dube ni kamar marar imani. Alhali mafi yawan masu yi mini wa'azin tausayi a unguwannin da babu tanti ko ɗaya suke zaune. Ba a ƙofar masu kuɗi ake kafa sansani ba, a ƙofarmu ne mu masu ƙaramin ƙarfi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma kada a ɗauka duk jama'a adawa suke yi. A Austin ta Teksas majalisa ta sassauta dokar a 2019, cikin shekara biyu mutanen gari da kansu suka dawo da haramcin ta hanyar ƙuri'a a watan Mayu na 2021. A Denver an nemi a soke irin wannan haramci a 2019, sama da kashi 80 cikin ɗari suka ce a'a. A Portland masu naƙasa ne suka kai birnin ƙara a 2022 saboda tantuna sun tare musu hanya. Duk waɗannan mutane ba azzalumai ba ne. Ni ba na son a ɗaure dattijonka. Amma barin mutum ya ruɓe a tanti cikin sanyi da ƙwaya, shi ma ba tausayi ba ne. Kuma ina ji ana cewa da yawansu an ba su gado a mafaka sun ƙi. Wanda ya ƙi gado, ya za a yi da shi?

Direban Dare:

Hajiya, wallahi ban ɗauke ki marar imani ba, Allah ya ba Mama lafiya. Ni ma na sha tsintar sirinji a ƙarƙashin kujera in ina duba mota da asuba, kuma an taɓa zare mini wuƙa a tashar ƙarshe. Ba duka ne irin dattijon nan ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Hanyar keken Mama haƙƙinta ce, babu mai ja da wannan.

Abin da na gani da idona ne kawai ya sa nake shakka. Duk lokacin da aka tayar da sansani a tsakiyar gari, a daren nan motata cika take yi, bayan sati biyu kuma in ga tantunan sun tsiro a wata unguwa da ke kan hanyata, ko a bakin rafi inda ko motar asibiti ba ta iya shiga. In an kore su daga ƙofarki, ƙofar wata uwar za su koma, ita ma mai 'ya'ya. Barci ɓarawo ne, Hajiya, mutum zai iya kwana biyu yana yawo amma a na uku sai ya faɗi a wani wuri. Tambayarki ta ƙarshe kuwa, ni ma ina son jin amsarta daga wanda ya san mafaka ta ciki.

Tsohon Ma'aikacin Mafaka:

Ɗana direba, da ke Hajiya, ku bari in sa baki, don shekara 14 na yi ina aiki a mafaka kafin in yi ritaya.

Maganar "an ba su gado sun ƙi" gaskiya ce a wani lokaci, amma sai an san mene ne gadon. A inda na yi aiki ba a riƙe wa mutum gado. Da yamma ake layi, in ya cika a rufe ƙofa, da sassafe kowa ya fita da kayansa, gobe a sake layi. Mata da miji raba su ake yi. Ba a shiga da kare, alhali wata karen nan shi ne mai tsaronta da dare. Jaka biyu kawai aka yarda, sauran kayanka ka san yadda za ka yi. In aikin dare kake, kuma da yawansu suna aiki, ka dawo an kulle. Ga babban ɗaki cike da mutane, wannan na tari, wancan na sambatu, kuɗin cizo, satar takalmi da waya. Na sha tsayawa a ƙofa ina gaya wa mutum babu wuri ana zuba ƙanƙara, abin da har yau yake dawo mini a mafarki. Ko a Grants Pass ɗin, mafakar da ake nunawa ta wata ƙungiyar addini ce, mai sharaɗin halartar ibada da barin taba. To mutumin da ya bar tantinsa don gadon dare ɗaya, ya dawo ya tarar an kwashe tantin, gobe kuma bai samu layi ba, ya yi biyu babu. Shi ya sa suke lissafi kafin su amsa. Ranar da aka ce ga ɗaki mai ƙofa da mabuɗi, da wuya na ga wanda ya ƙi.

Za ka ji an ce baƙi ne, daga wasu garuruwa suke kwararowa. Jami'ar Kalifoniya ta San Francisco ta yi babban bincike a 2023, ta gano cikin kowane goma na marasa muhallin Kalifoniya, tara a cikin jihar suka rasa gidansu, kashi uku cikin huɗu kuma suna nan a gundumar da suka yi zama na ƙarshe. Kusan rabin manyan da ba su da iyali tare da su sun haura shekara 50. Za a kuma ce ƙwaya ce. Ƙwaya na nan, ba na musu, na wanke gawar wasu. Amma West Virginia tana sahun gaba a mutuwa ta hanyar ƙwaya, duk da haka marasa muhallinta kaɗan ne in aka kwatanta da Kalifoniya, domin haya a can da araha. Ƙwaya da ciwon ƙwaƙwalwa su ke zaɓar wanda zai fara faɗuwa, tsadar haya ita ke ƙayyade mutum nawa za su faɗi.

Abin da na ga ya kawo sauƙi shi ne na Houston. Su ma suna da dokar hana sansani, kada a ce ba su da ita. Amma tsarin da suka yi suna da shi shi ne a fara samar wa mutanen sansani ɗakuna, a kwashe su da kayansu, sannan a rufe wurin. Cikin shekara goma daga 2012 sun shigar da sama da mutum 25,000 gidaje, adadin marasa muhallinsu ya ragu da fiye da rabi. Nan ne hanyar Mama ke buɗewa ta zauna a buɗe.

Don haka, ɗana, in ka tsaya kada ka ce musu kawai "a'a". Kansila yana da irin su Hajiya a kansa, dole ya koma musu da wani abu a hannu. Ka nemi gyara: kada a ci tarar kowa sai an miƙa masa wurin kwana na gaske ya ƙi, a ba da sanarwa a rubuce kafin a tayar da wuri, a adana kayan mutane maimakon zubarwa, a bar hanyar masu ƙafa da ƙofar makarantu a buɗe amma a nuna inda aka yarda a kwana. Ka roƙi banɗaki da wurin wanke hannu. San Diego ta ƙi kula da wannan har ciwon hanta ya ɓarke a 2017 ya kashe mutum 20, sannan aka shiga wanke tituna da kafa famfuna, ihu bayan hari.

Mazaunin Landan:

Malam Direba, kan tambayarka ta biyu, e, jama'a sun sha yin nasara, sai dai ba ta zuwa da wuri. A nan Landan a 2014 an dasa ƙusoshin ƙarfe a ƙofar wani bene don kada a kwanta, hoton ya bazu a intanet, sama da mutum 100,000 suka sa hannu a takardar koke, cikin 'yan kwanaki aka cire su. A São Paulo ta Birazil, a 2021, wani dattijon limamin Katolika, Júlio Lancellotti, ya ɗauki guduma ya farfasa duwatsun da aka kafa a ƙarƙashin gada don hana kwanciya, a ƙarshen 2022 aka yi dokar ƙasa mai ɗauke da sunansa da ta hana irin wannan gini. A can wajenku ma, a Fort Lauderdale, an tuhumi Arnold Abbott mai shekara 90 a 2014 don ya raba wa marasa muhalli abinci a fili, abin ya zame wa birnin abin kunya a duniya.

Mu kuwa dokarmu mai hukunta kwana a titi tun 1824 take, an yi ta ne lokacin da sojojin da aka sallama bayan yaƙin Napoleon suka cika tituna. Shekara kusan 200 ba ta kawar da kwana a titi ba, sai a 2022 majalisa ta amince a soke ta. Ka kwatanta da Finlan, da tun 2008 ta ɗauki tsarin fara ba da gida ba tare da sharaɗi ba, ta mayar da manyan mafaka ƙananan gidajen haya. A ƙarshen shekarun 1980 suna da marasa muhalli wajen 18,000, a 2023 ba su kai 4,000 ba.

Direban Dare:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Baba, maganarka ta canza mini tsari gaba ɗaya. Ranar Asabar na kai shawarar gyaran nan taronmu na laburare, aka yi ta muhawara, wasu suna ganin neman gyara tamkar amincewa da dokar ne. Daga ƙarshe mun tsaya kan cewa muna adawa da ita yadda take, in kuma za a kafa ta to da sharuɗɗan nan. Na samo lambobin da 'yar'uwa ɗaliba ta ce, gadajenmu ba su kai yawan mutanen da aka ƙirga ba, da su zan buɗe magana. Daga nan in ba da labarin takardun dattijo, in rufe da tambayar da ke cina tun farko: in ɗan sanda ya tashe shi ƙarfe uku na dare ya ce ya bar nan, wace hanya zai nuna masa?

Hajiya, zan ambaci keken Mama a cikin minti biyun, ba tare da suna ba, in kin yarda. Ina so kansiloli su ji cewa buƙatarki da tawa ba sa karo.

Daren jiya na roƙi dattijon ya zo zauren tare da ni, na ce zan ɗauke shi a motata in dawo da shi. Ya yi shiru har muka wuce tasha uku, sannan ya ce in ba da labarin amma shi ba zai shiga ginin gwamnati ba. Ashe akwai wata tsohuwar tara a kansa tun lokacin da yake kwana a mota, bai san ko ta zama takardar kamu ba, kuma a ƙofar zauren akwai 'yan sanda masu duba katin shaida. 'Yar'uwa ɗaliba, akwai hanyar da lauyoyin agajin nan za su bincika masa ba tare da ya je da kansa ba? In akwai, ki taimaka ki rubuto kafin ƙarfe goma, yau ma zan gan shi a tashar ƙarshe.